Sanyin asuba da zafin rana: shirin kayan tafiyar kilomita 200 a keke

7 ga Satumba

To na dai yanke shawara, ƙarshen Oktoba zan yi kilomita 200 a keke a rana ɗaya in sha Allah. Ba gasa ba ce, irin tafiyar nan ce ta dogon zango da ƙungiyar Audax Club Parisien ta Faransa ta sa wa ƙa'ida, 200 ɗin awa 13 da rabi ake ba mutum, ka fita da duhu ka dawo rana na shirin faɗuwa ko ma ta faɗi. Ƙafa kam tana zuwa a hankali, keken ma lafiyarsa ƙalau, abin da ya tsaya min a rai shi ne kayan sawa. Hanyar da na zaɓa farkonta kwari ne, tsakiyarta hawan dutse mai tsawo, kuma kwamfutar kekena tana nuna digiri 6 zuwa 8 da asuba, rana na take tsaka sai ta haura 25. Kusan tazarar digiri 20 kenan, ga shi ba mota ce ke bina da akwati ba, aljihu uku ne a bayan riga sai 'yar jakar ƙarƙashin sirdi wadda tuni tib da kayan faci sun cinye rabinta.

Doka ɗaya na kafa: duk abin da zan sa da asuba dole ya iya shiga aljihu da rana. Wanda ba zai shiga ba ya zauna a gida.

Abin da ke hannu yanzu, wandon keke mai soso, rigar keke mai zif har ƙasa, singiletin auduga, suwaita mai kauri, tsohuwar rigar ruwa ta leda, safar hannu mai yankakkun yatsu. Shi kenan.

11 ga Satumba

Gwajin farko da kayan da ke hannu, kuma wallahi na ji jiki. Singileti, riga, suwaita a sama. Minti goman farko ɗumi ɗumi abina, ana fara hawa tudu zufa ta ɓalle, ita kuma suwaitar ta kai ake cire ta ga hular kwano a kaina, dole na tsaya na cire hula na cire suwaita na mayar da hula, sannan tambaya ta taso ina zan sa ta. Aljihu ya ƙi ɗauka ko rabinta. Na ɗaura a ƙugu, hannunta ɗaya yana ta lilo dab da wayoyin tayar baya, duk tafiyar raina na kansa.

Amma ainihin wahalar a gangara ta same ni. Singiletin ya jiƙe sharkaf ya manne min a ƙirji, na daina taka feda iska ta fara shiga, kafin in kai ƙasa haƙorana suna haɗuwa kan keken yana rawa a hannuna. Na duba kwamfuta digiri 13 fa, sanyin da ko tsaye kake da riga ɗaya ba zai dame ka ba. Zufata ce ta yi min wannan aikin. Ruwa yana kwashe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, ita kuma auduga in ta sha ruwa riƙewa take yi ba ta saki, sai ya zamana jiƙaƙƙen tsumma ka ɗora a ƙirji kana gudu cikin iska. Kuma duk lita ɗaya ta zufa da ta bushe a jikinka tana tafiya da zafi kusan kilokalori 580, a hawa abin so ne wannan, a gangara kuwa ba ka buƙatarsa amma ba ta tambayarka.

Auduga ta fita daga lissafi, suwaita ma haka.

14 ga Satumba

Gajeren zagaye da yamma, riga ɗaya, babu abin rubutawa.

18 ga Satumba

Na yi sayayyar farko. Rigar ciki biyu na ɗauka don in gwada su, ɗaya ta foliyesta mai raga raga, ɗaya ta ulun merino, wato gashin wata irin tunkiya mai suna haka. Ta merinon ta cinye fiye da rabin kuɗin da na ware wa wannan matakin gaba ɗaya, sai da na daɗe ina juya ta a hannu kafin in biya. Aikinsu ba iri ɗaya ba ne. Foliyesta kusan ba ta shan ruwa a cikin zarenta, tura zufar take yi waje ta bushe da wuri, illarta wari, yini ɗaya ka ji kamar ka gudu ka bar kanka. Ulu kuma yana iya shan damshi har kusan kashi 30 na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, ko ya jiƙe ma da sauran ɗuminsa, sai dai in ya cika ya cika, bushewarsa a hankali ce. Na merino zarensa siriri ne sosai shi ya sa ba ya ƙaiƙayi irin na tsofaffin rigunan ulu.

Sai safar damtse, wato hannun riga zalla daga wuyan hannu zuwa kusa da kafaɗa, da safar gwiwa, da jaket marar hannu mai tare iska ta gaba bayanta raga. Wannan jaket ɗin in ka dunƙule ta ba ta wuce tafin hannu ba. Rigar ruwa mai kyau na bari sai gaba, kuɗin ya ƙare.

22 ga Satumba

Yau da wani dattijo muka fita, ya fi shekara talatin yana dogon zango, ba ya sauri amma ba ka taɓa ganin ya tsaya. Muna haɗuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce kana jin sanyi? Na ce a'a Baba, ɗumi ma nake ji. Ya ce to ka sa kaya da yawa yaro, cire ɗaya. Shi ƙa'idarsa in kana tsaye kafin tashi ba ka ɗan jin sanyi ba to nan da kwata ɗin awa za ka jiƙe.

Na cire ina gunaguni a ciki, minti goman farko na takure, daga nan jiki ya kama wuta da kansa. Lissafin ma yana bayansa, ƙarfin da jiki ke ƙonawa kashi 20 zuwa 25 ne kawai ke zuwa feda, ragowar duk zafi yake zama, wato in kana tura ƙarfin wat 200 a feda jikinka yana fitar da zafin da ya ninka haka sau uku ko fiye. Kana tsayawa wannan zafin ya yanke kai kuma kana jiƙe.

Abin da na fi lura da shi hannunsa ne. Bai taɓa barin zif ya huta ba. Tun kafin tudu ya fara ya ja zif ƙasa ya naɗe safar damtse zuwa wuyan hannu, ba ya jiran zufa ta zo, kuma saura kaɗan a kai ƙololuwa ya mayar da komai ya rufe tun yana da ɗuminsa. Ni da nake jira sai na ji zafi in buɗe sai na ji sanyi in rufe, kullum a makare nake. A saman tudun ya zaro tsohuwar jarida ya cusa a ƙirji ƙarƙashin riga, ya ce dabarar 'yan tseren Tour de France ce tun zamanin da, 'yan kallo ke miƙa musu a kan dutse, tana tare iska tana shan zufa, ka kai ƙasa ka jefa a shara.

Ta foliyesta na sa yau, na dawo a bushe.

25 ga Satumba

Na gwada merino a zagayen safe. Daɗi a fata, ɗumi, amma da rana ta ɗaga na ji ta yi nauyi a baya. Ban yanke hukunci ba tukuna.

29 ga Satumba

Na je dutsen da ke tsakiyar hanyar tawa don in ga yadda zai kasance, hawan ya kai mita 900 daga gindinsa. A ƙa'ida duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kuma haka kwamfutar ta nuna kusan daidai, 16 a ƙasa 10 a sama. Ga hadari ya haɗo ana yayyafi tun tsakiyar hawa, sai na sa tsohuwar rigar ledar nan.

Kai, wannan rigar. Ruwan sama kam bai shiga ba ko ɗigo, amma zufa ma ba ta fita ba ko ɗigo, ina ji tana gangarowa ta cikin hannun rigar tana taruwa a gwiwar hannu, in na miƙe hannu don in kama birki sai ta zubo ta wuyan hannu cikin safa. Na isa sama a jiƙe fiye da wanda bai sa komai ba. Gangarar kuma ana yin kilomita 50 a awa cikin sauƙi, kuma a digiri 10 iska mai wannan gudun tana sa fata ta ji kamar digiri 5 ko 6 ne, wannan ma lissafin busasshiyar fata ne ba jiƙaƙƙiya ba. Rigar ta yi min yawa sai faɗa faɗa take yi tana zuƙo iska ta ƙasa. Rabin gangara yatsuna suka ƙage, ina matsa birki ban san iya ƙarfin da nake sawa ba, nan ne tsoro ya kama ni na tsaya gefen hanya na cusa hannu a hammata har suka dawo, da zafin nan mai kamar ana soka maka allura.

Rigunan ruwa masu numfashi su ne maganin wannan, irin su Gore-Tex, wanda asalinsa a 1969 ne Bob Gore ya ja wata roba da ƙarfi ta buɗe ta zama mai ƙananan ƙofofi, ɗigon ruwa ba ya wucewa amma tururi yana fita. Sai dai ko su ɗin ba sa iya fitar da zufar mai hawan dutse gaba ɗaya, kuma tsadarsu ba wasa ba. A ganina a hawa in yayyafi ne kawai gara ka bar shi ya taɓa ka, ka ajiye rigar a bushe sai ƙololuwa.

Abin yi: safar hannu mai cikakkun yatsu, da rigar ruwa daidai jiki.

3 ga Oktoba

Ban fita ba, ƙafa na hutawa, sai na zauna karanta labarin Giro d'Italia na 1988, tseren keke na makonni uku da ake yi a Italiya, ranar da suka hau dutsen Gavia mai tsayin sama da mita 2,600 dusar ƙanƙara na zuba a watan Yuni. Johan van der Velde ne ya fara kaiwa sama da riga mai gajeren hannu, gangarar ta gagare shi saboda sanyi, ya gama tseren ranar fiye da minti 40 bayan na farko. Shi kuwa Andy Hampsten ƙungiyarsa tun da safe ta je ta sayo safar hannu da hulunan sanyi ta ajiye mutane a kan dutsen suna jira da su, ya zo na biyu a ranar ya karɓi rigar jagora, ya kuma ci gasar, Ba'amurke na farko da ya yi haka. Duk ƙwararru ne, ƙafa kowa na da ita, abin da ya raba su a ranar wa ya samu abin sawa kafin gangara.

Bernard Hinault ma da ya ci tseren Liège-Bastogne-Liège na Beljiyam a 1980 cikin dusar ƙanƙara, mutum 174 suka tashi 21 suka gama, shekaru bayan nan yana cewa wasu yatsunsa ba su dawo daidai ba. Na ƙara safar hannu ta biyu a jerin sayayya, siririya ta sawa a ciki.

6 ga Oktoba

Safar hannu ta zo, ta yi. Yanzu kuma ƙafa ce. Da asuba digiri 5, na haɗa safa biyu masu kauri na tura a takalmi da ƙyar, ban yi nisa ba yatsun ƙafa suka mutu murus, sun fi ranar da na sa safa ɗaya sanyi. Dalili takalmin ya matse, jini ba ya zagayawa, kuma dama in jiki ya ji sanyi jijiyoyin jini na hannu da ƙafa yake fara tsukewa don ya tsare zafin ciki, sai ka ƙara masa da matsi. Ga takalmin keke da ƙofofin shan iska a gaba da ƙasa, an yi shi don zafi ne. Na sassauta igiyar na cire safa ɗaya a hanya, abin ya ɗan yi sauƙi.

Dattijon ya ce safa ɗaya ta ulu, takalmi a sake, sai marufin yatsu da ake sawa a kan takalmin ta waje. Ya kuma ce in hannu da ƙafa suna sanyi in fara duba ƙirji, sau da yawa can ne ɓarakar take. Na like ƙofofin ƙasan da salatif kafin in samu marufin.

Kwarin nan na farkon hanya shi ne wurin da ya fi ko'ina sanyi, iska mai sanyi nauyi gare ta, cikin dare gangarowa take yi ta kwanta a ƙasa, kuma lokacin da ya fi sanyi a yini shi ne dab da fitowar rana, daidai lokacin da zan ratsa wurin kenan. Kana fita daga kwarin ka hau ɗan tudu sai ka ji ɗumi ya bugi fuskarka.

10 ga Oktoba

Merino ta tafi. An haɗa ta da sauran wanki a ruwan zafi aka murza, ta fito ta tsuke ta yi tauri ko cibiya ba ta rufewa, kuma ulu in ya cuɗe haka ba ya dawowa. Kuɗi mafi tsoka a duk shirin nan kenan. Ba zan sake saya ba yanzu, ragowar kuɗin na rigar ruwa ne, saboda haka gardamar foliyesta da merino ta yanke kanta.

Daga yau kayan keke wankinsu daban, ruwan sanyi, babu sinadarin laushin tufafi don yana toshe zaren ya hana shi jan zufa.

13 ga Oktoba

Duk hankalina ya tafi kan sanyi, yau zafi ya tuna min da kansa. Na makara ban fita ba sai hantsi, azahar na yi digiri 28 babu inuwa, na cire komai aljihu uku suka cika tim, jaket da safar damtse da safar gwiwa da safar hannu da ƙyallen wuya, rigar ta zazzago tana ja ta baya, kuma wurin da kayan suke a gadon bayana ko iska ba ta taɓawa, ya jiƙe jagab. Abin ci ma babu inda zan sa. Wato dokar tawa ta aljihu ta yi aiki a takarda amma ban bar wa komai wuri ba.

Na sayi 'yar jakar da ake ɗaurawa a kan keke ta gaba, ba tsada, jaket da safar hannu can za su koma inda hannu zai kai ina tafiya. Safar gwiwa ita ce mai matsala, dole sai ka tsaya kafin ka cire ta ta kan takalmi, masu keke da yawa suna cewa a rufe gwiwa in zafi bai kai digiri 15 zuwa 18 ba, ni dai na ga ina iya barinta har 20 ba ta dame ni ba, don haka sau ɗaya zan cire ta a wurin hutun farko.

Rigar tawa baƙa ce, a rana tana gasa ni, kuma da na dawo duk ta yi farin zanen gishiri a kafaɗa. Zan sa mai haske ranar, direbobi ma sun fi ganinta.

16 ga Oktoba

Rigar ruwa ta zo, siririya, daidai jiki, bayanta ya fi gabanta tsawo, tana shiga aljihu ɗaya. Ba ta manyan kamfanoni ba ce. Kuɗin shirin ya ƙare ƙaf.

20 ga Oktoba

Babban gwaji, wajen kilomita 150 da cikakkun kayan da zan sa ranar. Asuba lafiya, na tashi ina ɗan jin sanyi yadda Baba ya ce, kwarin ya cije ni a kunne kawai sai na ja ƙyallen wuya ya rufe su ƙarƙashin hular kwano. Maganar da ake yi wai rabin zafin jiki ta kai yake fita ba gaskiya ba ce, bai wuce kashi 10 ba, amma kunne da goshi in iska na dukansu ba ka da sukuni. Hawan dutse zif a buɗe tun daga gindi, saura kaɗan in kai na rufe na sa jaket ina tafiya, a ƙololuwa na tsaya na ɗora rigar ruwa ko da ba ruwa, na gangara yatsu suna jin birki har ƙasa. Wannan kam alhamdulillahi.

Abin da ban shirya wa ba yamma ce. Rana ta yi ƙasa, kwamfuta na nuna 14, da safe a 14 ɗin har buɗe zif nake yi amma yanzu sanyi nake ji har ƙashi, saboda na gaji ba na iya tura feda da ƙarfin safe, zafin da jiki ke yi ya ragu, ciki ba komai, kayan kuma duk da ɗan damshin yini a jikinsu. Sai ga faci a tayar baya. Na durƙusa ina fama da taya ban sa komai ba don ina ganin minti biyar ne, tayar ta yi gardama, kafin in gama hura iska jikina na karkarwa har famfon na kuɓuce min, na sa duk abin da ke aljihu na hau amma sai da na yi tafiya mai nisa kafin karkarwar ta tsaya. Ita karkarwa alama ce jiki yana kokawar riƙe digiri 37 ɗinsa, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari, tunani ya fara rikicewa hannu ya daina bin umarni, kuma ba sai ana ƙanƙara hakan ke faruwa ba, jiƙa da iska da gajiya sun isa.

Sabuwar doka, ƙafa na taɓa ƙasa jaket na hawa jiki, kafin ma in duba me ya samu keken.

24 ga Oktoba

Saura kwana kaɗan. Na shimfiɗa komai a ƙasa na gwada cusawa da fitarwa. A jiki da asuba, rigar ciki ta raga, riga mai haske, safar damtse, safar gwiwa, jaket marar hannu, ƙyallen wuya, safar hannu biyu, safar ulu ɗaya da marufin yatsu. Rigar ruwa a aljihun tsakiya, aljihun dama na abin ci ne ba mai taɓa shi. Na ƙara busasshiyar rigar ciki a cikin leda a jakar sirdi, zan canza ta wajen kilomita 140 kafin rana ta yi sanyi, da bargon nan na gaggawa mai ƙyalli wanda bai fi girman waya ba in an naɗe.

Wurin cire safar gwiwa hutun farko, wurin mayar da ita inda zan canza rigar ciki. Fitila gaba da baya na caje su, jaket ɗin ma da ɗan layi mai ƙyalli a baya.

Abu ɗaya ya rage, sabuwar rigar ruwan ba ta ga ruwan sama na gaske ba tukuna, iska kawai ta tare. Hasashen yanayi ya ce jibi da rana akwai ruwa, zan fita cikinsa na awa ɗaya kusa da gida in ga ko ɗinkin kafaɗa yana yoyo, in yana yi akwai salatif ɗin like ɗinki da ake mannawa da dutsen guga ta ciki, da sauran lokaci.